Biyayya, taƙlidi ko bin yarima: asalin kalmomin "bi" da ma'anarsu ga Hausawan PK5

Duk mai fassara labari daga Faransanci zuwa Hausa yakan yi tuntuɓe da kalmar "conformisme". Wani ya ce biyayya, wani ya ce bin al'ada, wani kuma ya ce kwaikwayo. Kowannensu ya kama wani ɓangare na ma'anar ya saki saura. Dalili shi ne Hausa ba ta tara wannan hali a kalma ɗaya ba. Ta rarraba shi cikin kalmomi da dama, kowace tana amsa tambaya daban: wa ake bi, me ya sa ake bin sa, kuma da son rai ne ko bisa tilas?

Ga Bahaushen Kano ko Maraɗi wannan na iya zama zancen nahawu kawai. Ga wanda ke zaune a unguwar PK5 ta Bangui, ko Briqueterie ta Yaounde, ko zangon Kumasi, magana ce ta yau da kullum, domin ana jan sa ta fuska biyu. A waje ana so ya yi kama da 'yan ƙasa, a gida kuma ana so ya yi kama da iyaye da kakanni. Wannan maƙala ta tattaro manyan kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage, da inda suka samo asali, da yadda ma'anarsu ta sauya.

Unguwar da ake magana a kanta

PK5, ko KM5, ko "Cinq Kilo" kamar yadda mutanen gari ke kiran ta, tana gunduma ta uku ta birnin Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sunan ya fito ne daga nisanta da tsakiyar gari, wato kilomita 5. Nan ne babbar kasuwar birnin take, nan ne kuma babban masallacin Juma'a. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa fatake da 'yan kasuwa Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali suka zauna a wurin, suka hayayyafa, 'ya'yansu da jikokinsu suka tashi da harshen Sango a baki.

A watan Maris na 2013 ƙawancen Seleka ya ƙwace mulki, Michel Djotodia ya hau kujera. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara mayaƙan anti-balaka suka kai hari Bangui, kuma cikin watannin da suka biyo baya dubban Musulmi suka tsere zuwa Chadi da Kamaru. PK5 ta zama mafakar waɗanda suka rage a birnin. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar, a lokacin da fita daga cikinta ke da haɗari ga mazaunanta. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ya san cewa riga, suna da harshe na iya yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki. Shi ya sa kalmomin da ke ƙasa suke da nauyi a nan.

Faransanci na duban siffa, Hausa na duban hanya

Kalmar "conformisme" tana komawa ga Latin, ga "forma", wato siffa ko ƙira. "Conformare" na nufin ba abu siffa irin ta wani. Kalmar "conformiste" ta shigo Faransanci daga Ingilishi a ƙarni na 17, lokacin da ake kiran masu bin tsarin Cocin Ingila da wannan suna, musamman bayan dokar daidaita ibada ta 1662. Ke nan asalinta ma na addini ne, daga baya aka faɗaɗa ta ga duk mai yin abin da kowa ke yi ba tare da tunani ba. A Faransancin yau kusan kullum zargi ce. Haka "assimilation", wadda ta zama sunan wata manufar mulkin mallakar Faransa, tana komawa ga "similis", wato mai kama da wani.

Hausa ta bi wata hanya daban, kuma hanya ce a zahiri. Ginshiƙin maganar shi ne aikatau "bi". Kalmomin da muka aro daga Larabci su ma yawancinsu na tafiya ne. Sunna hanya ce da aka taka har ta fito. Ɗariƙa daga "ɗariƙ" take, wato hanya. Mazhaba daga "zahaba", ya tafi, wato inda aka bi. Shari'a, a wajen masana lugga, hanya ce mai kaiwa ga mashaya. Liman daga "al-imam", wanda ke gaba. A Sango ma kalmar "lege" hanya ce, kuma in an ce an yi abu "na lege ni" ana nufin an yi shi yadda ya dace.

Bambancin yana da amfani a aikace. Mutum biyu na iya bin hanya ɗaya ba tare da sun yi kama da juna ba, kuma mai tafiya yana da ikon tambayar inda hanyar ta nufa.

Biyayya da koyi

Biyayya kalmar Hausa ce tsantsa: "bi" da ɗafa-ƙeyar "-ayya". Irin wannan gini ne ya ba mu soyayya daga "so", ƙiyayya daga "ƙi", jayayya daga "ja". Galibin kalmomin wannan gida suna nuna abin da ke gudana tsakanin ɓangarori biyu. A amfani na yau da kullum biyayya ta karkata ga gefe ɗaya, daga ƙasa zuwa sama: ɗa ga iyaye, almajiri ga malami, talaka ga sarki. Karin maganar "bin na gaba bin Allah" ta taƙaita wannan fahimta. Amma malamai sun gindaya mata iyaka tun da daɗewa, cewa biyayya ga mutum tana ƙarewa inda saɓon Allah ya fara. Daga tushen "bi" kuma muka sami mabiyi, bin doka, da biye wa mutum. Wannan na ƙarshe zargi ne: wanda ya biye wa abokai ya bi su inda bai kamata ba.

Koyi daga "koya" yake, kuma yabo ne. Ana cewa wane abin koyi ne. Daga wannan tushe, ta hanyar ninka shi, aka sami kwaikwayo. Mai koyi ya fahimci abin da yake ɗauka, mai kwaikwayo kuwa motsi da murya kawai ya ɗauka, shi ya sa ake cewa wasan kwaikwayo. Akwai kuma yayi, abin da ake yi na ɗan lokaci don kowa na yi, kamar ɗinki ko salon waƙa. Idan "conformisme" na magana ne kan sutura ko ado, "bin yayi" ita ce fassarar da ta fi dacewa.

Ladabi, ɗa'a da kunya

Ladabi daga Larabci "al-adab" yake. Harafin "l" na farko ragowar "al-" ne da ya manne da kalmar, kamar a littafi, labari, lahira da liman. Masanin harshe Joseph Greenberg, a wani nazari na 1947, ya nuna cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa a matakai daban-daban, kuma masu irin wannan siffa suna cikin tsofaffin shigowa. Ladabi ya shafi yadda ake gaisuwa, yadda ake zama gaban manya, da yadda ake sassauta murya.

Ɗa'a daga "ɗa'ah" take, wato yin abin da aka umarta. Harafin Larabcin da ke farkonta yakan koma "ɗ" a Hausa, kamar a ɗalibi, ɗabi'a da ɗahara. A bakin Bahaushe ma'anarta ta matso kusa da ladabi: yaro marar ɗa'a shi ne marar tarbiyya, ko da ba a ba shi wani umarni ba.

Kunya ita ce mai gadin da ke cikin zuciya. Ita ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ke hana mutum cin abinci gaban surukai. Fulani na da "semteende" a cikin pulaaku, masu jin Sango na da "kamene". A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da ake auna mutum da su, tare da gaskiya, amana, haƙuri, karamci da mutunci. Abin lura shi ne kunya tana buƙatar idon jama'a. A ƙaramar al'umma kamar ta PK5, inda kowa ya san gidan kowa, ƙarfinta ya fi na babban birni. Tana tsare mutunci, tana kuma iya rufe bakin wanda aka zalunta, musamman mace a gidan aure.

Al'ada da gargajiya

Al'ada daga "al-adah" take, daga tushen da ke nufin komowa. Abin da ke dawowa a kai a kai shi ne al'ada. Daga wannan tushe ne aka sami Idi, ranar da ke zagayowa kowace shekara, kuma shi ya sa ake cewa jinin al'ada. Gargajiya kuwa ana danganta ta da "gada" da "gado", wato abin da aka gada daga magabata. Al'ada na iya zama sabuwa, in dai ta zama jiki, amma gargajiya sai ta tsufa.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne mazhabar mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, al'adar gari, ko "urfi", tana da matsayi a hukunci matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Da ita ake auna abubuwa kamar ciyarwa da tufatarwa a gidan aure. Wannan na nufin al'adar Bangui ba dole ta zama ta Katsina ba. Kayan lefe, tsawon kwanakin biki, cin tuwo ko cin rogo, sanya babbar riga ko kwat, duk al'ada ne.

Hausa na da karin magana guda biyu da ke jan juna a nan. Ɗaya ta ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ɗayar ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bahaushen da ke zaune a wata ƙasa yana rayuwa ne tsakanin waɗannan biyu.

Sunna da bidi'a

Kafin Musulunci Larabawa na kiran tafarkin kakanninsu sunna. Bayan zuwan Musulunci kalmar ta keɓanta da abin da Annabi (SAW) ya faɗa, ya aikata, ko aka yi a gabansa bai hana ba. A fiƙihu kuma tana nufin aikin da ake samun lada a kansa amma bai kai farilla ba. A Hausa ta sami wata ma'ana ta uku, domin in an ce wane zai raya sunna, aure ake nufi.

Bidi'a daga tushen da ke nufin ƙago abu ba tare da samfuri ba. Malamai sun yi saɓani kan iyakarta. Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa sababbin abubuwa gida biyar, daga wajibi har zuwa haram. Al-Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, bai yarda da wannan rabo ba, ya ce duk abin da aka ƙago a cikin ibada abin ƙi ne. Dukansu biyu 'yan mazhaba ɗaya ne.

A ƙasar Hausa waɗannan kalmomi biyu suna da dogon tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littafin Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a kafin jihadin 1804, yana yaƙar al'adun da aka cuɗa da addini. A 1978 aka kafa ƙungiyar Jama'atu Izalatil Bidi'a wa Iƙamatis Sunna a Jos ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, da goyon bayan Sheikh Abubakar Gumi, kuma a wannan karon wasu ayyukan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya ne aka kira bidi'a. Muhawarar ta bi 'yan kasuwa, ɗalibai da kaset-kaset zuwa Nijar, Kamaru, Chadi da Ghana. Tun kafin nan ma an yi rikicin ƙabalu da sadalu, wato kama hannu ko sakin sa a salla, a arewacin Najeriya, lokacin da almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha suka yawaita.

A maganar yau da kullum bidi'a na da wata ma'ana mai sauƙi. In an ce an yi bidi'a a bikin wane, ana nufin an yi kiɗa da shagali da kashe kuɗi. Mai fassara ya kula kada ya haɗa ta da ta malamai.

Taƙlidi da ittiba'i

Wannan ita ce kalmar da ta fi kusa da "conformisme religieux". Taƙlidi daga "ƙilada" yake, wato abin wuya. Larabawa kan rataya wa dabbar hadaya wata alama a wuya don a san inda aka nufa da ita. A fiƙihu, taƙlidi shi ne karɓar maganar malami ba tare da sanin hujjarsa ba, kamar ka rataya masa alhakin al'amarinka a wuya. Mai yin haka shi ne muƙallidi. Kishiyarsa ijtihadi, daga tushen da ke nufin ƙoƙari, wato malami ya ciro hukunci daga tushe da kansa.

A tsohon tsarin karatu taƙlidi ba zagi ba ne. Wanda ya karanta Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala a zaure yana bin Malikiyya ne bisa amana, kuma malamai sun yarda cewa wanda bai kai matsayin bincike ba ya tambayi masani. Masu wa'azin gyara ne suka mayar da kalmar abin suka, suka fifita ittiba'i, daga "tabi'a", ya bi, wato bin malami tare da sanin dalilinsa. Daga wannan tushe aka sami Tabi'ai, waɗanda suka biyo bayan Sahabbai. A Hausar jarida ta yau akan ce makauniyar biyayya in ana nufin taƙlidi marar kyau.

Jama'a, sahu da wanda ya fita

Jama'a daga tushen tarawa take. 'Yan gidansu su ne Juma'a, jam'i, jam'iyya, jami'a da ijma'i, wato haɗuwar malamai kan hukunci ɗaya. Sahu na salla daga "saff" yake, layi. Hausa na da tata kalmar, sau ko sawu, wato alamar ƙafa a ƙasa, kuma a bakin mutane da yawa su biyun sun haɗe. Shi ya sa "bin sahu" ke ɗaukar hoto biyu: shiga layi, da taka inda na gaba ya taka.

Ga 'yan tsiraru jama'a kariya ce. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda shigarsu Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙarfafa haɗin kansu, ta kuma taimaka musu riƙe cinikin shanu da goro. Bashi, masauki da amana duk sun dogara ne ga sanin cewa mutum ɗan jama'a ne. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, in ji Hausawa.

Wanda ya bar layi kuma yana da sunaye. "Ya fita zakka" ta fito daga awon hatsi: a amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, mudu ɗaya cikin goma ake warewa. Wanda ya fita zakka shi ne ya bambanta da 'yan uwansa, ko ta alheri ko ta sharri. Saniyar ware ita ce wadda aka keɓe daga garke, kuma a nan jama'a ce ta yi warewar. Fanɗararre da kangararre su ne waɗanda suka ƙi tarbiyya. Ridda kuwa, daga tushen da ke nufin juyawa baya, fita ce daga addini, kuma kalma ce mai nauyin da bai kamata a jefa ta a muhawarar al'ada ba.

Kalmomin zargi

Inda Faransanci ke zargi da "conformiste", Hausa na da maganganu masu kaifi. 'Yan amshin Shata su ne masu maimaita duk abin da babba ya faɗa. Maganar ta samo asali daga mawaƙi Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, da 'yan amshinsa masu karɓa masa waƙa. 'Yan a bi yarima a sha kiɗa su ne masu shiga ayari don abin da za su samu, ba tare da sanin inda aka dosa ba. Ganin ido shi ne yin abu don mutane su gani. Takwaransa na Larabci riya, daga "ra'a", ya gani, kuma malamai na lissafa ta cikin abubuwan da ke ɓata lada. Munafiki, a bayanin masana luggar Larabci, yana da alaƙa da ramin wani ɓeran daji mai ƙofa biyu, yana shiga ta nan ya fita ta can. A Hausa munafunci ya ƙara ɗaukar ma'anar kai gulma tsakanin mutane.

Tarihin ƙasar nan yana da misalin da dattawa ke tunawa. A watan Oktoba na 1976, lokacin ziyarar Mu'ammar Gaddafi, shugaba Jean-Bédel Bokassa ya bayyana musuluntarsa, ya ɗauki sunan Salah Eddine Ahmed. Cikin 'yan watanni ya koma Katolika, kuma masu tarihi da dama na danganta lamarin da neman tallafin Libiya.

Akwai kuma kalmar da ya kamata mu duba a cikin gida. Tuba daga "tauba" take, komawa ga Allah, abin da ake so ga kowane Musulmi. Amma "tubabbe", sunan da ake ba wanda ya shigo Musulunci, sau da yawa yana ɗauke da raini, har ya bi 'ya'ya da jikoki. Musulmin da ya fito daga Gbaya, Banda ko Yakoma ba ya buƙatar ya zama Bahaushe kafin Musuluncinsa ya cika. Neman haka daga gare shi ɗora al'ada ne a matsayin addini.

Tilas

Duk kalmomin da suka gabata suna ɗauka cewa mutum yana da zaɓi. Tilas ita ce inda zaɓi ya ƙare. A watan Yuli na 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan Musulmin da suka rage ko suka koma yankunan yammacin ƙasar, inda ta ce a wasu wurare an hana su salla a fili da sanya tufafin da aka san Musulmi da su, wasu kuma an tilasta musu barin addini. Fiƙihu ya san wannan hali da sunan ikrahi. Aya ta 106 a Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na nan kan imani, kuma malaman tafsiri na danganta ta da abin da ya sami Ammar ɗan Yasir a Makka. Don haka wanda ya cire hula ko ya ɓoye sunansa don ya wuce shinge ba munafiki ba ne, kuma ba mai ganin ido ba ne.

Akwai tilas mai laushi kuma. A Sango akan kira Musulmi "Arabo" ko da Bahaushe ne ko Bafulatani da aka haifi kakansa a Bangui, kuma Musulmin ƙasar sun daɗe suna kokawa cewa sunansu kan sa a nemi ƙarin shaida kafin a ba su takardun ɗan ƙasa. Hausa ma ta san wannan rabo, tana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tambayar ita ce shekara nawa mutum zai yi kafin ya daina zama raɓa. Taron ƙasa na Bangui na watan Mayu 2015 ya nemi a mayar da ranakun sallar Musulmi ranakun hutu a hukumance. Imam Omar Kobine Layama, Archbishop Dieudonné Nzapalainga da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou sun yi ta zagaya ƙasar tare a lokacin rikicin, kowa da rigarsa ta addini. Taken Barthélemy Boganda, "Zo kwe zo", wato kowane mutum mutum ne, bai gindaya sharaɗin kama da juna ba.

Taƙaitawa ga mai fassara da mai karatu

In maganar ta shafi dokar ƙasa, kamar haraji ko rajistar haihuwa, a ce bin doka. In ta shafi iyaye da shugabanni, biyayya. In ta shafi gaisuwa da zama da mutane, ladabi ko ɗa'a. In ta shafi biki, abinci da sutura, bin al'ada, ko bin yayi in abin na ɗan lokaci ne. In ta shafi bin malami ba tare da hujja ba, taƙlidi. In zargi ake nufi, amshin Shata, bin yarima ko ganin ido. In kuwa an ƙwace wa mutum zaɓi, a kira abin da sunansa, tilas.

Amfanin wannan rarrabewa ya wuce teburin fassara. Yaron PK5 da ke jin Sango fiye da Hausa, yana karatu da Faransanci, yana salla a bayan limamin unguwa, bai saɓa wa kowa ba: harshe da sutura al'ada ne, makaranta da takardu bin doka ne, salla kuma addini. Rikici kan taso ne in an cakuɗa su, ko dai maƙwabci ya ce sai ka bar addininka kafin ka zama ɗan ƙasa, ko dattijo ya ce sai ka riƙe kowace al'adar Kano kafin ka zama Musulmi. Kafin mutum ya yabi wani da biyayya ko ya zarge shi da fita zakka, yana da kyau ya fara tantance wace kalma ce ta dace da abin da ya gani.